Barin tsohuwar manhajar montaj, wato ta yanka da haɗa bidiyo: Resolve, Premiere ko Edius, wacce ta dace da shagonka?

Bayan babbar Sallah wani ƙanina a sana'a ya kira ni da dare daga Marwa. Shekara uku ya yi yana riƙe mini kyamara a nan Garwa kafin ya koma gida ya buɗe nasa shagon. Ya ɗauki bikin kwana uku, ya dawo da hotunan kyamara biyu, ga na ƙaramin jirgin ɗaukar hoto da ya yi haya, ga kuma waɗanda ƙawayen amarya suka turo masa daga wayoyinsu suka ce lallai sai sun fito a ciki. Manhajar da ya saba da ita ta buɗe na kyamara ɗaya, ta ƙi sauran. Waɗanda ta yarda ta buɗe ma, baki na gaba murya na baya. Ya ce, "Yaya, na gaji. Faɗa mini wacce zan koma, gobe in saka ta." Na ce masa ya bari mu yi maganar a tsanake, domin amsar tana rataye da kwamfutarsa, da aljihunsa, da irin mutanen da yake yi wa aiki.

Yawancinmu a arewacin Kamaru da Cadi da manhajoji uku ko huɗu muka tashi: Pinnacle Studio, Ulead VideoStudio, Windows Movie Maker, sai masu ɗan ƙarfi da suka riƙe Sony Vegas. Sun ciyar da mu, sun aurar da wasunmu, kuma har yau ina ganin girmansu. Amma an gina su ne a zamanin kaset ɗin MiniDV, lokacin da hoto yake 720 da 576, kana zuba shi a kwamfuta ta wayar FireWire, awa ɗaya ta ci wajen gigabait 13. Fayil ne mai nauyi a faifai amma mai sauƙin karantawa, domin kowane hoto a cikinsa cikakke ne. Fayilolin yau akasin haka suke. H.264 da H.265 suna matse bidiyo ta hanyar ajiye cikakken hoto ɗaya, sai su riƙa rubuta abin da ya canza kawai a waɗanda ke biye. Fayil ya ƙanƙance, amma duk inda ka tsaya za ka yanka, sai kwamfuta ta koma baya ta sake lissafo hoton. Tun 2017 wayoyin iPhone suke ɗauka da H.265, wayoyin Android da yawa sun bi sahu. Manhajar da aka rubuta a 2008 ba ta san da wannan ba, kuma tsoffin da aka gina a kan 32-bit ba sa iya amfani da fiye da gigabait 4 na RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, ko da ka cika kwamfutar da shi. Movie Maker kuwa Microsoft ta janye ta tun watan Janairu na 2017. Ulead ta koma hannun Corel a 2006, Pinnacle Studio ta bi ta a 2012, Vegas kuma Sony ta sayar wa MAGIX na Jamus a 2016.

Matsalar baki da murya da ƙanin nawa ya gani tana da nata dalilin daban, kuma gara a san shi tun yanzu don kada a ɗora wa sabuwar manhaja laifi. Kyamarar aiki tana ɗaukar hoto 25 a kowace daƙiƙa ba ragi ba ƙari. Waya kuwa tana cewa 30, amma idan haske ya ragu ko ta yi zafi sai ta sauka, ta sake hawa. A minti biyu ba za ka lura ba, a minti arba'in na wa'azi ko jawabin waliyyi za ka ga tazarar. Maganinsa a bi da fayil ɗin ta HandBrake ko Shutter Encoder, duka kyauta ne, a daidaita gudun hoton kafin a shigar da shi aiki. Wannan dabi'a ce da za ta yi maka amfani a kowace manhaja ka zaɓa.

Na fara da DaVinci Resolve saboda a kanta nake aiki yanzu, kuma ita ce na fi sani ciki da waje. Kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya ya sayi kamfanin da ya ƙirƙiro ta, mai suna da Vinci Systems, a 2009. A da can kayan gyaran launi ne na manyan gidajen fim, mai tsadar da ba a ma tambaya. Suka karya farashin, suka fitar da ta kyauta a 2011, suka riƙa ƙara mata ɗakuna: na sauti mai suna Fairlight a 2017, na ƙawata hoto mai suna Fusion a 2018, sai shafin yanka na sauri a 2019. Ta kyautar ba ta gwaji ba ce da za ta mutu bayan wata ɗaya, kuma ba ta buga tambari a kan aikin da ka yi da kayan da ta ba ka. Kana iya fitar da bidiyo har 3840 da 2160, hoto 60 a daƙiƙa. Kana iya haɗa kyamara biyu ko uku ta hanyar sautinsu, ka riƙa sauyawa tsakaninsu kamar mai watsa shiri kai tsaye. Wanda ya taɓa zama yana daidaita kyamara biyu da ido, yana neman inda marokin ya ɗaga hannu a duka biyun, ya san darajar wannan.

Inda Resolve ta yi wa kowa nisa shi ne launi, kuma a ƙasarmu launi ba ƙaramar magana ba ce. Ɗaurin aure da hantsi a ƙofar gida: ango cikin farar shadda, rana ta Garwa a kansa, fuskarsa baƙa a ƙarƙashin hula. Idan ka buɗe wa fuska haske shadda ta ƙone, aikin zaren da ya biya kuɗi mai yawa ya ɓace. Idan ka tsare shadda fuska ta nutse. A wasu tsofaffin manhajoji maɓallin haske ɗaya ne, yana ɗaga komai tare. A Resolve kana rage saman haske shi kaɗai, ka ɗaga inuwa ita kaɗai, ka zagaye fuska ka sa manhajar ta bi ta duk inda ta juya. Da dare kuma a wurin kamu ko walima, ga farin ƙwan lantarki mai ɗaukar ido, ga jan ƙwan lantarki, ga fitilar kyamara, lallen amarya ya koma kore. Akwai ma'aunai a gefen allo da ke nuna maka ainihin inda launin fata ya karkata, ba sai ka dogara da allon kwamfutar da ƙurar hunturu ta dusashe ba. Na fi wata biyu kafin hannuna ya faɗa da tsarin akwatunan da ake jonawa da zare don gyaran launi, amma tun da ya faɗa, ban sake mayar da aiki saboda an ce na baƙanta amarya ba.

Sai dai Resolve tana da sharaɗi, kuma shi ne ke kayar da mutane da yawa. Ƙarfinta a kan katin hoto yake, abin da masu gyara ke kira kart girafik. Kamfanin da kansa yana neman RAM gigabait 16 a ƙalla, 32 idan za ka shiga Fusion, da katin hoto mai nasa ƙwaƙwalwar, gigabait 4 a sababbin fitowa. Yawancin kwamfutocin hannu na gwanjo da ke shigo mana ta Duwala ko ta Mubi na ofis ne, RAM 8, katin hotonsu a jikin furosesa yake. A irin wannan za ta iya buɗewa, amma aiki zai riƙa tafiya da ɗingishi. Akwai kuma abubuwan da aka killace wa wadda ake saya, Resolve Studio: goge ɗigon yashi da ke fitowa a hoton dare, ware muryar mutum daga hayaniyar janareta da lasifika, da buɗe wasu fayilolin 10-bit na sababbin kyamarori a Windows. Farashinta dala 295, ina nufin dalar Amurka, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Gwargwadon canji, tsakanin sefa 165,000 ne da 180,000. Sau ɗaya ake biya, lambar tana aiki a kwamfuta biyu, kuma zuwa yanzu masu ita suna samun sababbin fitowa ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Abu biyu da nake gargaɗin duk wanda ya koma Resolve. Na farko, ka saita aikinka a hoto 25 tun kafin ka jera komai, domin da zarar ka jera ba za ta bari ka canza na wannan layin ba. Wutarmu a Kamaru da Cadi mai zagaye 50 ce, gidajen talabijin ɗinmu ma a 25 suke, kuma kyamarar da aka bari a 30 ko 60 takan kama ƙyaftawar fitila da dare. Na biyu, Resolve ba ta ajiye aikinka a fayil kusa da bidiyo kamar yadda muka saba. A wata ma'ajiya tata take tara su. Idan Windows ta lalace mai gyara ya wanke kwamfutar, sun tafi. Duk ranar da ka tashi aiki ka fitar da kwafin aikin, ƙaramin fayil ne mai ƙarewa da drp, ka jefa shi a filas.

Adobe Premiere Pro kuma ita ce harshen kasuwa. Tun 1991 ake da Premiere, aka sake gina ta a 2003 da sunan Pro. Idan kana musayar aiki da abokan sana'a na Kano, ko kamfanin talla na Yawunde ya turo maka rabin aiki ka ƙarasa, ko wata ƙungiyar agaji da ke aiki a yankin Tafkin Cadi ta ce ka miƙa fayil ɗin aiki tare da bidiyon, galibi Premiere za ka tarar. Yaron da ya iya ta ya fi saurin samun aiki a Njamena ko Duwala. Darussanta sun cika YouTube da Faransanci da Turanci, har da Hausa ana samu. Wanda ya fito daga Pinnacle ko Ulead ba zai ji baƙunta sosai ba: ga akwatin kaya, ga allo biyu, ga layukan hoto da sauti. Tana da haƙuri da fayiloli iri-iri, ka zuba mata na waya da na kyamara da na jirgi a layi ɗaya ta karɓa. Ga mai yin tallar shago ko rubutu mai motsi, jituwarta da Photoshop da After Effects babbar riba ce, ko da yake kowannensu da nasa kuɗin idan ba ka ɗauki kunshin gaba ɗaya ba. A kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi ta fi Resolve sauƙin kai, musamman idan ka yi aiki da ƙananan kwafi, wato ka bari ta ƙirƙiri marasa nauyi ka yanka da su, sai lokacin fitarwa ta koma kan na asali. Resolve ma tana da wannan dabarar.

Abin da ke tsaya mini a rai game da Premiere shi ne hanyar biya. Fitowar CS6 ta 2012 ita ce ta ƙarshe da ake saya a mallaka. Daga 2013 haya ce. Ita kaɗai tana kusan dala 23 a wata idan ka ɗaure kanka da shekara, wajen sefa 13,000 ke nan, sama da 150,000 a shekara. A shekara uku ka haura 450,000, ranar da ka daina biya kuma ƙofa ta rufe, ayyukanka suna nan amma ba abin buɗe su. Wanda ya fasa kwantiragin shekara a tsakiya ana cajinsa rabin abin da ya rage. Sana'armu kuwa ta lokaci ce. Kafin azumi da bayan Sallah biki ya yi yawa har ka rasa barci, da damina ta sauka sai ka yi sati uku ba wanda ya leƙo. Hayar wata ba ta san damina ba. Sannan kuɗinmu a Orange Money da MoMo suke, biyan kuwa yana son katin Visa ko Mastercard, sai ka nemi katin banki da ake lodawa, ka kuma tabbata akwai kuɗi a ciki ranar cira. Tana buƙatar leƙa intanet lokaci-lokaci don tabbatar da lasisi. Mai tsarin shekara yana da sararin kwana 99 ba tare da intanet ba, wanda ya isa ga mai zuwa aiki ƙauyukan Mayo Rey ko bakin Logon.

Na san abin da wani zai ce a ransa: ai akwai fasasshiya a kasuwa, sefa dubu ɗaya a zuba maka. Gaskiya ne akwai, kuma da yawanmu da ita muka koyi aiki. Amma kwamfutar da ke ɗauke da bikin mutane amana ce. Fasassun manhajoji hanya ce da ƙwayoyin cuta ke shigowa, har da masu kulle fayiloli su nemi fansa. Ɗaurin aure ba a maimaita shi. Tunda ga ta ƙwararru kyauta ta halal, hujjar da muke da ita a da ta raunana.

Akwai ta uku da ba a cika ambata ba, kuma ga mai tsohuwar kwamfuta ita ce na fi so a duba: Edius. Asalinta ta kamfanin Canopus na Japan ce, yanzu tana ƙarƙashin Grass Valley, a Windows kawai take aiki. An san ta da abu ɗaya, wato kunna bidiyo sumul a kan injin da ba shi da ƙarfi sosai, domin ta fi dogara da furosesa fiye da katin hoto. Shi ya sa ɗakunan labarai na talabijin da masu ɗaukar biki a ƙasashe da dama suka riƙe ta. Saye ake yi a mallaka, tsadarta ta fi ta Resolve Studio, kuma akwai ta gwaji ta kwana 30. Tana iya ƙona DVD daga cikinta, ko da yake a sabuwar fitowa sai an sayi ƙarin lasisi, abin da Resolve ba ta yi, Premiere ma ta bari tun da aka daina Encore, manhajar Adobe ta ƙona DVD, bayan CS6. Rauninta shi ne kaɗaici. Masu ita ba su da yawa a nan, darussanta ba su kai na sauran ba, idan ka maƙale da dare ba lallai ka samu wanda za ka kira ba. Gyaran launinta ya wadatar, amma bai kama ƙafar Resolve ba.

Wanda ya riga ya saba da Vegas, hanya mafi gajarta ita ce ya sayi sabuwar Vegas Pro, hannunsa ba zai canza ba, kuma wajen yanka sauti har yau tana da daɗin aiki, don asalinta a 1999 manhajar sauti ce. Final Cut Pro tana da sauri ƙwarai, dala 300 ce sau ɗaya, amma sai a Mac, kuma ranar da Mac ta samu matsala a Garwa ko Kusiri, kayan gyaranta ba a kusa suke ba. CapCut ta isa ga gajeren bidiyon TikTok da na WhatsApp, ni ma ina amfani da ita, sai dai bikin awa biyu da kyamara uku ya fi ƙarfin tsarinta.

Duk wadda ka ɗauka, yanayinmu zai gwada ta. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, kuma kwamfutar da ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Fitar da bidiyo da rana tsaka a shagon kwano yana iya ninka lokacin da zai ci da asuba. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, a buɗe a hure ta ko da sau biyu ne a shekara. Wutar arewa kuma ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo a kan Binuwai, idan ruwa ya ja baya da rani kowa ya san yadda wutar lantarki ke zama. A nan kwamfutar hannu mai batiri mai kyau ta fi ta tebur kwanciyar hankali, idan kuwa ta tebur ce to ondila, wato na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke, dole ne. Resolve tana da tsarin da ke ajiye kowane motsi nan take, ka tabbata a kunne yake. Premiere tana ajiyewa bayan 'yan mintuna, ka rage tazarar zuwa biyar. Idan kuɗin hannunka bai kai na sabuwar kwamfuta ba, faifan SSD da ƙarin RAM su ne suka fi canza tafiyar aiki.

Wani ɗan abu da ke ba mu kunya a gaban masu biki shi ne rubutun suna. Sunaye da kalmominmu na Hausa da Fulatanci suna da ƙ da ɗ da ɓ, kuma yawancin kyawawan salon rubutu da ke zuwa da manhaja ba su da su, sai ka ga akwati a tsakiyar suna. Laifin salon rubutun ne. Noto Sans, Andika da Charis SIL duka kyauta ne kuma suna ɗauke da haruffan. Rubutun Larabci na addu'a ko aya a farkon bidiyo, sababbin Premiere da Resolve suna jera shi daga dama zuwa hagu, amma ka sa malami ya duba kafin ka fitar.

Ga yadda na raba wa ƙanin nawa. Idan kai kaɗai ne a shagonka, aikinka biki da suna da walimar sauka da hawan Sallah a ƙofar Lamiɗo, kuma kwamfutarka tana da katin hoto na kirki, ka ɗauki Resolve ta kyauta, ka bar sayen Studio sai ranar da aikin dare ya fara kawo kuɗin da zai biya ta. Idan rabin abincinka daga ƙungiyoyi da kamfanoni yake, ko kana aika aiki Kano da Yawunde yana dawowa, ka biya Premiere, ka sa kuɗin hayar a cikin farashin da kake yanka musu. Idan kwamfutar ta ofis ce kuma ba halin canza ta bana, ka gwada Edius na kwana 30 da ainihin fayilolin kyamararka kafin ka fitar da ko sisi. Shi nasa injin RAM 16 ne da katin Nvidia mai gigabait 4, ya saye shi hannun wani ɗalibin jami'ar Marwa, don haka na ce masa Resolve.

Bikin da ke hannunsa kuwa na hana shi taɓa shi da sabuwa. Na ce ya juya fayilolin da suka ƙi buɗewa zuwa irin da tsohuwar ke karɓa, ya gama, ya miƙa wa masu shi. Tsoffin ayyukan da ka yi a wata manhaja ba sa buɗewa a sabuwa. Ko tsakanin Premiere da Resolve, fayil ɗin XML da ake musayar aiki da shi yankan kawai yake ɗaukowa, rubutu da ado sukan zube a hanya. Saboda haka kada a goge tsohuwar, a bar ta a kan tsohuwar kwamfuta, don mai zuwa bayan shekara biyar ya ce a sake masa kwafin bikin mahaifinsa, ko dattijon da har yanzu DVD yake so. Koyon sabuwar a bari sai damina, a ɗauki tsohon biki da aka riga aka miƙa a sake yanka shi daga farko har ƙarshe, a fitar, a kunna a talabijin da waya a gani. Ya ce zai sauko da ita idan ya samu intanet mai ƙarfi, don ta haura gigabait 2. Na ce kada ya ƙona kuɗinsa, ranar Juma'a zan ba direban motar Marwa filas ya kai masa tasha.